Art Blakey: Makaɗin da Ya Mayar da Ƙungiyarsa Makaranta

Ya kai mai karatu, ba baƙo ba ne kai ga kiɗa. Ka ji gangar noma ranar gayya, ka ji kalangu a rumfar mahauta ranar kasuwa, ka kuma ga yadda kiɗa ke sa ɗan kokowa tsuma tun bai shiga fili ba. A nan ƙasar Arewa, daga Sukukutane zuwa Dogon Dutsi har Tibiri, kiɗa galibi gado ne. Ɗa yakan tashi ya tarar da ganga a ɗakin ubansa, ya ɗauka. Mutane da dama kuma ba su ɗauki makaɗi a bakin komai ba, wai ai maroƙi ne.

Yau za mu ba ka labarin wani makaɗi na ƙasar Amurka wanda bai gaji kiɗa ba, bai kuma yi nisa a makaranta ba, amma ya yi shekara 35 yana yaye ɗalibai. Sunansa Art Blakey, ana faɗinsa At Bileki. Yana da wani suna kuma da kunnenka zai fi sabawa da shi, wato Abdullahi ibn Buhaina.

Maraya a garin ƙarfe

An haife shi ranar 11 ga Oktoba, 1919, shekara 20 ke nan bayan yaƙin Lugu na zamanin Sarauniya. Garinsu shi ne Pitsbag, a jihar Pensilbaniya, birnin da ya shahara da masana'antun narka ƙarfe. Baƙar fata ne, daga zuriyar mutanen da aka kwasa daga Afirka aka kai Amurka bauta. An hana bautar a 1865, amma wariyar launin fata ba ta tafi tare da ita ba.

Mahaifiyarsa ta rasu yana jariri, mahaifinsa kuwa bai riƙe shi ba. Wata mata ta kusa da danginsu ce ta goya shi a gidanta, gidan Kirista masu riƙo da addini. A can ya fara taɓa fiyano, wato wannan babban akwatin kiɗa mai haƙora farare da baƙaƙe da ake dannawa da yatsu.

Yana ɗan shekara 10 tattalin arzikin Amurka ya karye, a 1929. Masana'antu suka sallami ma'aikata, yunwa ta shiga gidaje. Yaron bai kai ga gama makarantar sakandare ba. Ya yi aikin ƙarfi a masana'antar ƙarfe, da dare kuma yana kaɗa fiyano a gidajen rawa don ya sami na abinci. Tun bai cika shekara 20 ba ya yi aure, nauyin iyali ya hau kansa.

Akwai labarin da shi kansa ya riƙa bayarwa game da yadda ya bar fiyano. Wata rana wani yaro ɗan garinsu mai suna Erroll Garner ya shigo gidan da yake aiki, ya zauna ya kaɗa fiyanon, kowa ya ji ya fi shi nesa ba kusa ba. Mai gidan ya umarci Blakey ya tashi ya koma kan ganguna. Ya koma ba don yana so ba. Garner ya zama ɗaya daga cikin manyan masu fiyano na duniya, shi kuwa wanda aka tayar ya sami sana'ar da za ta ɗaukaka shi. Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Mene ne jaz, kuma yaya ake kaɗa gangunansa?

Jaz wani salon kiɗa ne da baƙar fatar Amurka suka ƙirƙira a farkon ƙarni na 20, musamman a birnin Niyu Olins. Sun haɗa waƙoƙin aiki na zamanin bauta, da waƙoƙin coci, da kayan busa irin na badujala. Babbar alamarsa ita ce ƙirƙira nan take. Ƙungiya takan fara da amshi guda wanda kowa ya sani, sa'an nan mabusa su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, kowa yana shirya nasa zancen a kan wannan amshi. Ka tuna yadda mawaƙinmu ke ƙago baiti a tsakiyar fili, ƴan amshi suna riƙe masa gindin waƙa. To, kusan haka ne, sai dai a jaz ƙaho ne ke magana maimakon baki.

Mai ganga a jaz kuwa aikin mutum huɗu yake yi shi kaɗai. Yana zaune a kan kujera. Ƙafarsa ta dama tana taka wani mataki da ke dukan babbar ganga. Ƙafarsa ta hagu tana buɗewa da rufe wasu faya-fayan tagulla biyu masu kama da marufin tukunya. Hannunsa na dama yana dukan wani babban faifan tagulla da sanda, na hagu kuma yana kan ƙaramar ganga mai tsarkiyar waya. Kowace gaɓa da nata aiki, amma dole su tafi tare. In mai ganga ya yi tuntuɓe, ƙungiya duka ta faɗi.

Blakey ya koyi wannan aiki da kunne da ido, yana kwaikwayon manyan da suka gabace shi, musamman Chick Webb, wani gajeren makaɗi mai ciwon ƙashin baya wanda ya shugabanci babbar ƙungiya a birnin Niyok har rasuwarsa a 1939.

Shekarun bin manya

A 1942 ya yi aiki da Mary Lou Williams, wata gwanar fiyano da ta tashi a garinsu. Daga nan ya shiga ƙungiyar Fletcher Henderson, suka riƙa yawo gari-gari. A wannan yawo ne ya ɗanɗani wariya mafi ɗaci. A jihar Jojiya ta kudancin ƙasar ƴan sanda suka yi masa dukan da ya fasa masa kai, har sai da likitoci suka sa masa ƙarfe a ƙoƙon kai. A lokacin, dokar jihohin kudu ta hana baƙi da farare cin abinci wuri ɗaya, ko kwana masauki ɗaya. Ba a soke irin waɗannan dokoki ba sai a 1964.

Daga 1944 zuwa 1947 ya zama mai gangar ƙungiyar mawaƙi Billy Eckstine. Nan ce babbar makarantarsa. A cikinta ya zauna da Charlie Parker, da Dizzy Gillespie, da Miles Davis, da mawaƙiya Sarah Vaughan. Waɗannan samari suna ƙera sabon salo mai sauri da wuya, wanda aka raɗa wa suna bibop. A da aikin mai ganga shi ne riƙe taki don masu rawa. A sabon salon sai ya zama abokin hira, yana amsa wa mai busa, yana zuga shi, yana tare shi. A 1947 kuma ya kaɗa a faya-fayan farko da Thelonious Monk ya yi da sunansa a kamfanin Blue Note.

Tafiya Afirka ta Yamma

Da ƙungiyar Eckstine ta watse, a ƙarshen shekarun 1940, Blakey, bisa faɗarsa, ya shiga jirgin ruwa ya zo Afirka ta Yamma. Ya sha faɗa daga baya cewa neman sanin addini da hikimar zaman duniya ne ya kawo shi, ba koyon kiɗa ba. A wannan zamani ne ya karɓi Musulunci ya ɗauki suna Abdullahi ibn Buhaina. Ya ci gaba da amfani da sunansa na farko a kan faya-fayai, amma har ya mutu abokansa da ɗalibansa Bu suke ce masa, wato gajeren Buhaina.

Ba shi kaɗai ba ne. Makaɗan jaz da yawa sun musulunta a waɗannan shekaru, kamar Ahmad Jamal, ɗan garinsu, da Yusef Lateef. Wannan na biyun ma ya zo ƙasar Hausa daga baya. Daga 1981 zuwa 1985 ya zauna a Zariya yana bincike da koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, inda ya yi nazarin sarewar Fulani.

In ka saurari kiɗan Blakey, akwai abin da zai sa ka murmushi. Yakan ɗora gwiwar hannunsa a kan fatar ganga ya danna, yana duka da ɗaya hannun, sai muryar gangar ta hau, in ya sassauta ta sauka. Haka mai kalangu ke matse tsarkiya a hammatarsa don ganga ta yi magana. A Janairun 1962 ya yi wani faifai mai suna The African Beat, wato bugun Afirka, tare da Yusef Lateef da wani makaɗin Najeriya, Solomon Ilori, mai kaɗa gangar Yarbawa, ƴar'uwar kalangu. Duk da haka bai taɓa yarda a ce jaz kiɗan Afirka ne ba. A ganinsa kiɗa ne da baƙar fatar Amurka suka haifa daga wahalar da suka sha a can, don haka nasu ne. Ya girmama tushe, amma bai yarda a raina abin da jikoki suka gina ba.

Kafa ƙungiya

Ranar 21 ga Fabrairu, 1954, aka ɗauki kiɗansa kai tsaye a wani gidan kiɗa na Niyok mai suna Birdland. Tare da shi akwai Horace Silver a kan fiyano, da wani saurayi mai busa ƙaho, Clifford Brown. Faifan ya karɓu. Ba da jimawa ba shi da Silver suka kafa ƙungiya ta mutum 5 mai suna Jazz Messengers, ma'ana ƴan aiken da ke isar da saƙon jaz. A 1956 Silver ya ware ya kafa tasa, ya bar wa Blakey sunan. Da wannan suna ya yi aiki har ƙarshen ransa.

Salon bibop ya yi wa talaka wuyar bi. Blakey da abokansa suka dawo da shi kusa da jama'a, suka sa masa ɗanɗanon waƙoƙin coci da na unguwa, suka ƙara masa nauyin ganga. Shekarar 1958 ce ta buɗe musu ƙofa. Wani mabushi mai tsari, Benny Golson, ya kawo masa samari daga birnin Filadelfiya, cikinsu har da Lee Morgan, ɗan shekara 20, da mai fiyano Bobby Timmons. Golson ya gyara tafiyar ƙungiyar, ya sa aka riƙa fitowa da tufafi iri ɗaya, ya matsa a shirya sababbin kiɗe-kiɗe. A watan Oktoba suka ɗauki faifan da aka sani da Moanin', wato nishi. Timmons ne ya tsara kiɗan, a kan tsarin kira da amshi: fiyano ya yi kira, ƙahoni su amsa. Har yau yana cikin faya-fayan jaz da aka fi saurare.

A watan Disamba na wannan shekara, watan da aka kafa Jamhuriyar Nijar, suna birnin Faris suna cika manyan ɗakunan taro, har masu shirya silima na Faransa suka nemi su yi musu kiɗa. A Janairun 1961 suka sauka Japan, aka tarbe su da girmamawar da ba su samu a ƙasarsu. Mutumin da aka fasa wa kai a Jojiya, ga shi ana rububin ganinsa a Tokiyo. A shekarar kuma ya yi wani kiɗan ganga zalla da ya sa wa suna The Freedom Rider, don yabon matasan da suka riƙa shiga motocin haya baƙi da farare tare, suna ratsa jihohin kudu don karya dokar wariya.

Yadda yake koyarwa

A nan ne ya kamata ka ƙara buɗe kunne, ya kai mai karatu. Shugaban ƙungiya yakan so ya riƙe gwanayensa har abada, don su ne jarinsa. Blakey ya bi wata hanya dabam, mai matakai huɗu.

Na farko, yakan nemo matasa waɗanda ba a san su ba. Bai tambayi ɗan wane ne ba, bai duba launi ko ƙasa ba. Ya ɗauki baƙi, ya ɗauki farare. A 1969 ya ɗauki mace, Joanne Brackeen, a kan fiyano. A shekarun 1970 ya ɗauki Valery Ponomarev, mai busa ƙaho daga Rasha.

Na biyu, ba ya koyarwa da dogon jawabi. A gaban jama'a yake koyarwa, kowane dare. In ɗalibi ya fito busa yana ɗari-ɗari, sai ya taso masa da wata gurnanin ganga da ya shahara da ita, wadda ke farawa kamar yayyafi ta ƙare kamar aradu. Dole mai busa ya ɗaga murya ko ganga ta binne shi. In kuma ya ga yaro yana zuba surutu marar kan gado, sai ya rage masa ƙarfi, ya nuna masa ya fara zance daga ƙasa, ya gina shi, ya san inda zai tsaya.

Na uku, yakan tilasta wa kowa ya tsara kiɗan kansa ya kawo wa ƙungiya. Kiɗa ma yana da rubutunsa, da alamomi a kan layuka 5, kamar yadda magana ke da baƙaƙe da wasula. Wanda ya tsara kiɗa ya rubuta, sunansa ke kai, kuma shi ke karɓar ladan duk lokacin da aka sayar. Yakan kuma naɗa ɗaya daga cikin samarin ya zama mai kula da shirye-shiryen ƙungiya, don ya koyi shugabanci. Wayne Shorter, wanda ya zauna da shi daga 1959 zuwa 1964, ya riƙe wannan muƙami, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan masu tsara kiɗa na zamaninsa.

Na huɗu, in ɗalibi ya ƙosa, sai ya sallame shi ya je ya kafa tasa ƙungiya, shi kuma ya koma neman sabon yaro. Kowace sallama asara ce gare shi, don sai ya sake gini daga tushe. Amma haka ya yi ta yi. Mutum fiye da 100 ne suka ratsa ta hannunsa, cikinsu har da Freddie Hubbard, da Cedar Walton, da Keith Jarrett.

Abin da ba za mu ɓoye maka ba

Ba a rasa nono a ruga, ba a kuma rasa aibi ga ɗan Adam. A shekarun 1940 da 1950 wata muguwar ƙwaya mai suna heroyin ta yi wa makaɗan jaz ɓarna. Da yawa sun ɗauka tana ƙara gwaninta da juriyar aikin dare. Blakey kansa ya yi shekaru yana fama da ita, wasu daga cikin samarinsa ma suka faɗa ciki. Charlie Parker ya mutu a 1955 yana da shekara 34. Lee Morgan ya bar ƙungiyar a 1961 don ƙwaya ta ci ƙarfinsa, sai da ya yi jinya kafin ya dawo. Bobby Timmons ya mutu a 1974 yana da shekara 38, giya ta lalata masa hanta. Clifford Brown kuwa, wanda bai taɓa ƙwaya ba, ya nuna wa tsararsa cewa gwaninta daga naci take fitowa, ko da yake haɗarin mota ya ɗauke shi a 1956 yana da shekara 25.

In ka ji wani saurayi a garinku yana cewa tiramol ce ke ba shi ƙarfin noma ko na tuƙa babur, ka tuna da waɗannan sunaye. Ƙaryar guda ce, sunan ƙwayar ne kawai ya sake.

Fari da damina

A shekarun 1970 kasuwar jaz ta faɗi. Matasa suka koma wa sababbin kiɗe-kiɗe na lantarki, gidajen jaz da yawa suka rufe. Wasu makaɗa suka sake salo don su sami kuɗi, wasu suka bar sana'ar. Blakey ya riƙe nasa, kamar manomin da ya ƙi cinye irinsa a shekarar fari. A 1971 da 1972 ya zaga duniya da tsofaffin abokansa Gillespie da Monk, amma bai bar ƙungiyarsa ta mutu ba.

Damina ta dawo a 1980, lokacin da ya ɗauki wani yaro ɗan shekara 18 daga Niyu Olins, Wynton Marsalis. Yaron ya yi suna, jama'a suka sake waiwayo. Bayansa aka sami Terence Blanchard a 1982. Faifan da suka yi a 1984 ya ci lambar Grammy, babbar lambar yabo ta makaɗan Amurka. Marsalis ya ci lambar Pulitzer a 1997. Blanchard kuwa, a 2021, ya zama baƙar fata na farko da aka nuna wasan waƙarsa a babban gidan opera na Niyok.

A ƙarshen rayuwarsa kunnuwansa suka yi nauyi ƙwarai, saboda shekarun da ya yi cikin ƙarar ganguna. Bai daina ba, ya riƙa bin kiɗa ta girgizar da yake ji a jikinsa. Ya kasance mai yawan shan taba. Ciwon daji na huhu ya kama shi, ya rasu a Niyok ranar 16 ga Oktoba, 1990, kwana 5 bayan ya cika shekara 71. A 2005 aka ba shi lambar Grammy ta aikin rayuwa, bayan ba ya duniya.

Abin da za ka ɗauka

Kai da ka zauna a ajin yaƙi da jahilci da furfura a gemu, ko ke da kika zo da goyo a baya, wataƙila kunya takan kama ku in yaro ya riga ku gane baƙi. Blakey ma yaro ne ya tayar da shi daga kan fiyano. Ya koma gefe ya fara sabon koyo, kuma har tsufansa yana cewa zama da matasa ne ke wasa masa ƙwaƙwalwa. Gemu ba ya hana ilimi.

Sa'an nan ka duba abin da ke hannunka. Wataƙila ka iya ƙira, ko jima, ko gyaran famfon rijiya, ko ka san irin hatsin da ke nuna da wuri in ruwa ya yi gardama. Wa ka koya wa? In ɗanka ya tafi cin rani bai dawo ba, akwai ɗan maƙwabci da za ka ja a jiki? In kuma ya ƙware, za ka iya sakinsa ya ci gashin kansa ba tare da ƙyashi ba? Yanzu da ka fara iya rubutu, sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta abin da ka sani na sana'arka, ko layi 2 ne a rana.

Tambayoyin tattaunawa a aji

1. A wace shekara aka haifi Art Blakey, kuma shekara nawa ya yi a duniya?
2. Me ya sa ya bar fiyano ya koma ganga?
3. Wace dabara tasa ce ta yi kama da ta mai kalangu?
4. Faɗi matakai 4 da yake bi wajen koyar da ɗalibansa.
5. A garinku, wace sana'a ce ke neman ɓacewa don an rasa mai koyo? Me ajinku zai iya yi a kai?